MAGANIN DA BA A SAYARWA A KASUWA: DAMUWA DA BAƘIN CIKI A ƘASAR YAWURI

Jawabin da aka gabatar a taron hutun ƙarshen shekara na ɗalibai 'yan asalin ƙasar Yawuri, a Birnin Yawuri



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni damar tsayawa a gabanku, ina kuma yaba musu ƙwarai da gaske da suka zaɓi wannan batu, domin batu ne da muka saba kauce masa. A ƙasar Hausa mutum yakan faɗi cewa yana fama da zazzaɓi ko basir ko hawan jini ba tare da jin nauyin kowa ba, amma da wuya ka ji magidanci ya buɗe baki ya ce zuciyarsa ce ba ta da lafiya. In ka gaishe shi sai ya ce, "Lafiya lau, sai godiya," alhali kuwa ya yi wata biyu rabonsa da barcin kirki. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, a yau fuskoki da yawa a Yelwa da Wara da Shanga suna ba da labarin da bakuna suka ƙi bayarwa.

An nemi in yi magana a kan hanyoyin magance damuwa da baƙin ciki waɗanda ba na ƙwaya da allura ba. Zan fara da bayanin ita kanta cutar, sa'an nan in duba abin da ya sami ƙasarmu, in kawo magungunan da bincike ya tabbatar da amfaninsu, in taɓa batun ganye da saiwa, in nuna inda iyakarsu take, kana in rufe da aikin da ya rataya a wuyanmu mu da muka yi karatu.

1. MECE CE CUTAR?

Harshenmu ba matalauci ba ne wajen kalmomin ciwon zuciya. Muna da damuwa, da zullumi, da fargaba, da faɗuwar gaba, da ɓacin rai, da ƙunci, da baƙin ciki, da yawan tunani. Ba dukansu ne cuta ba. Wanda aka yi wa rasuwa ya yi kuka, ko ɗalibin da gabansa ya faɗi a daren jarrabawa, lafiyarsa ƙalau. Haka Allah ya halicci ɗan Adam. Abin yakan zama cuta ne idan ya daɗe, ya yi nauyi, ya hana mutum tafiyar da al'amuransa na yau da kullum.

Likitoci sukan ce mutum yana da ciwon baƙin ciki idan ya yi mako 2 ko fiye yana cikin ƙunci kusan kullum, ko ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, tare da wasu alamu kamar rashin barci ko yawansa, da ƙin abinci, da kasala, da kasa tattara hankali, da ganin kansa ba shi da amfani, har wani lokaci ya riƙa ganin mutuwa ta fi masa rai. Ciwon fargaba kuwa shi ne zullumin da ba ya yankewa wata da watanni, mutum yana jiran wani mugun abu da bai san ko mene ne ba, wani lokaci gabansa ya yanke ya faɗi, zuciya ta yi ta bugawa, gumi ya keto, numfashi ya yi sama-sama, har ya zaci ajali ne ya zo. A wurinmu sau da yawa a jiki ake fara jin abin. Mutum ya zo asibiti yana kukan zafin kai, ko nauyin ƙirji, ko wani abu mai yawo a jikinsa, a gwada jini a ga babu komai, a ba shi maganin zazzaɓi ya koma gida da ciwonsa.

Kada wani ya ɗauka cewa wannan cutar Turawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 280 ne ke fama da ciwon baƙin ciki a duniya, masu ciwon fargaba kuwa sun kai miliyan 301. Kuma tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan kiyaye lafiyar jiki da ta rai, inda ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko hasarar dukiya, da wanda kan faɗo wa mutum haka kawai ba tare da wani dalili na fili ba.

Mu mutanen bakin Kwara ba mu buƙatar dogon bayani a kan wannan rabe-rabe, domin kogin namu cika biyu yake yi a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda kan zo da damina, kowa yana ganin ruwan saman da ya kawo shi. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda kan iso da rani, cikin sanyin hunturu, lokacin da babu ko ɗigon ruwa a sama, saboda tun daga duwatsun ƙasar Gini ya taso, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali kafin ya iso gare mu. Haka baƙin ciki yake. Wani yakan zo tare da musiba. Wani kuwa sai bayan komai ya lafa, mutum yana da aiki da iyali da rufin asiri, sa'an nan ya cika masa ƙirji. Wanda ya ce wa irin wannan mutum, "Me ka rasa?" tamkar wanda ya tsaya a bakin kogi ne cikin watan Janairu yana musun cikar ruwa don bai ga hadari ba.

2. ABIN DA YA SAMI ƘASARMU

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasar Yawuri ta ga abubuwan da za su sa zuciya ta yi nauyi.

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1964, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai tsawon kilomita 130 da 'yan kai, ya haɗiye tsohon garin Busa da gungu da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa a gaɓar kogi, sun bar gonakin da suka gada da kushewun kakanninsu a ƙarƙashin ruwa. Gwamnati ta gina musu gidajen siminti, kuma masana da dama suna ganin tashin Kainji ya fi na wasu madatsun Afirka sauƙi. Duk da haka, masu binciken da suka bi rayuwar mutanen Tonga kimanin 57,000 da madatsar Kariba ta tasa a kan kogin Zambezi, watau Elizabeth Colson da Thayer Scudder, sun nuna cewa tashin dole yakan taɓa jiki da rai da zaman jama'a gaba ɗaya, musamman ga tsofaffi. Ana iya biyan diyyar ɗaki da rumbu, amma babu ma'aikacin da ya taɓa ƙiyasta kuɗin inuwar da dattijo ya saba zama shekara 40.

A zamaninmu kuma, shekarar 2021 ba za ta fita daga zukatanmu ba. Ran 26 ga Mayu jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai kuwa 'yan kaɗan ne. Kwana 22 bayan haka, ran 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka faɗa wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke wannan gari namu, suka tafi da ɗalibai fiye da 80 da wasu malamai. An yi ta sako su kashi-kashi, amma 'yan mata 11 na ƙarshe ba su dawo hannun iyayensu ba sai a watannin Afrilu da Mayu na 2023, bayan kusan shekara 2 a daji. Ban da waɗannan, kowa a nan ya san ƙauyukan da aka tasa da dare, da manoman da suka bar gonakinsu, da iyalan da suke raɓe a gidajen dangi a Yelwa.

Jaridu sukan ƙidaya matattu da waɗanda aka sace, su wuce. Ba su ƙidaya uwar da ba ta ƙara barci ba, ko yaron da kan zabura in ya ji ƙarar babur, ko direban jirgin da ya kasa komawa bakin ruwa. A duk Nijeriya, ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200, ƙiyasin 'yan shekarun nan ya nuna likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 300 ce daga nan. Saboda haka maganar hanyoyin da ba na asibiti ba, a wurinmu ba maganar sha'awa ba ce. Ga mafi yawan mutanenmu su ne kaɗai abin da hannu zai kai.

3. MAGUNGUNAN DA BINCIKE YA TABBATAR

Da zarar an ce maganin da ba na Bature ba, hankalinmu yakan tafi ga kwalba da ƙullin gari a kasuwar Yelwa. Abin mamaki shi ne, magungunan da suka fi samun shaida daga masu bincike ba a ƙulla su a leda.

Na farko shi ne motsa jiki. A shekarar 2024 mujallar likitoci ta Ingila mai suna BMJ ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 218 da aka yi a kan mutane fiye da 14,000, aka ga cewa tafiya da ƙafa, da sassarfa, da atisayen ƙarfafa gaɓɓai suna rage ciwon baƙin ciki sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau minti 30 a kwana 5. Kakanninmu Sarkawa da Gungawa da Kambari ba su buƙaci wannan shawara ba, gama filafili da fartanya sun ishe su. Mu ne muke buƙatarta, mu da muka koma kan kujera tun daga aji har ofis, muna hawan babur zuwa masallacin da ke bayan gida. Amma a lura da wani abu. Mai baƙin ciki yakan ce, "Bari in ji ƙarfi tukuna, sa'an nan in fita." Cutar ce ke faɗa masa haka. Fita ita ke kawo ƙarfin. A fara da minti 10 bayan sallar asuba, a sami aboki wanda zai zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, domin wanda ciwon ya kama da wuya ya tashi don kansa, amma kunyar aboki takan tashe shi.

Na biyu shi ne barci da hasken rana. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, kuma rashin barci yakan jawo damuwa kamar yadda damuwa kan jawo rashin barci. Jiki yana da nasa agogo, wanda hasken safiya ke saitawa. Ɗalibin da ke cin goro da shan baƙin shayi da kofi don ya kwana karatu, ko ma'aikacin da ke riƙe da waya har ƙarfe 2 na dare yana kallon hotunan hare-hare, kansa yake yi wa illa. Sinadarin da ke cikin goro da kofi yakan daɗe a jini awoyi da dama, kuma yana sa bugun zuciya da rawar hannu, watau ainihin alamun fargaba. Mai wannan ciwo ya bar goro da shayi daga la'asar, ya kwanta lokaci ɗaya ya tashi lokaci ɗaya, ya ajiye waya nesa da shimfiɗa.

Na uku shi ne numfashi. Idan faɗuwar gaba ta taso, mutum yakan yi ta jan iska da sauri, wannan kuwa shi ke ƙara jiri da tsoro. Sai ya zauna, ya shaƙi iska ta hanci a hankali yana ƙirga 4, ya fitar da ita yana ƙirga 6, ya yi ta maimaitawa na minti 5. Fitar da numfashi a hankali yana rage saurin bugun zuciya. Ya kuma tuna cewa irin wannan tashin hankali yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin 'yan mintoci ya sauka da kansa. Amma wanda abin ya fara samunsa, musamman in da ciwon ƙirji, ya je a duba zuciyarsa da jininsa tukuna.

Na huɗu shi ne abinci. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a ƙasar Ostireliya a 2017, a kan mutane 67 masu baƙin ciki, waɗanda aka gyara wa abinci da hatsi da wake da ganye da kifi sun fi sauran samun sauƙi cikin mako 12. Gwajin ƙarami ne, ba za a ɗora masa kaya da yawa ba, amma ya dace da abin da aka sani, cewa ƙarancin jini da yunwa suna kawo kasala da ƙunci. Mu kuwa Allah ya ba mu ƙarfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, ga wake, ga gero, ga zogale da kuka. Abin kunya ne ɗan bakin kogi ya yini a kan lemon kwalba da biskit. A tuna kuma, an ruwaito cewa Nana A'isha takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa wani kunun sha'ir mai suna talbina. Kwanon da maƙwabta ke aikawa gidan makoki yana ciyar da ciki, yana kuma shaida wa mai makoki cewa ba a manta da shi ba.

Na biyar, wanda ya fi duka, shi ne mutane. A nan zan ɗan dakata, domin Afirka ce ta koya wa duniya wannan darasi. A shekarar 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda maimakon a kulle marasa lafiya a asibiti sai a saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a, har ma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙasar Zimbabuwe kuma, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fara wani shiri a birnin Harare a 2006. Ya koya wa tsofaffin mata yadda za su saurari mai damuwa, su taimake shi ya rarrabe matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya ya fara da ita, aka ajiye musu benci a harabar asibitocin unguwa. Mutanen can suna kiran cutar da sunan da ke nufin yawan tunani, daidai da yadda muke faɗi. Da aka gwada shirin a kan mutane 573, aka buga sakamakon a 2016, an tarar bayan wata 6 kimanin 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna da tsofaffin nan suke da sauran alamun baƙin ciki, alhali a ɗaya ɓangaren 50 cikin 100 ne. Zama 6 kawai a kan benci ya yi wannan aiki.

Jama'a, shin mun rasa tsofaffi ne a Birnin Yawuri, ko mun rasa inuwa? Al'adunmu cike suke da irin wannan magani. Zaman makoki da ta'aziyya ba sa barin mai rashi shi kaɗai. Goyon ciki da jego sukan mai da mace gaban uwarta har kwana 40, a daidai lokacin da baƙin cikin bayan haihuwa kan kama mata da yawa. Gayya takan haɗa motsa jiki da zumunci a gona ɗaya. Ga adashi, ga wasan taubasai, ga majalisar bayan la'asar, ga bikin Rigata da kan tara mutanen ruwa da na tudu. Waɗannan su ne abubuwan da tashin gari da gudun hijira suke fara rushewa, kuma su ne ɗalibi kan rasa ran da ya sauka a jami'a, da ma'aikaci ran da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa garin da bai san kowa ba. Sai dai al'adar tamu tana da gibi guda. Mun iya zama da mutum, amma ba mu iya sauraronsa ba. Kafin ya gama magana mun ce, "Yi haƙuri, sai addu'a." Haƙuri maganin zaman duniya ne, babu musu, amma a bar mutum ya fara sauke kayan da ke kansa.

Na shida shi ne ibada. Sallar jam'i sau 5 tana tsara wa mutum yininsa, tana fitar da shi daga ɗaki, tana sa a lura in ya ɓace. Zikiri da karatun Alƙur'ani da addu'a suna kwantar da zuciya, haka kuma 'yan'uwanmu Kirista suke samun natsuwa a majami'unsu. Abin da za mu kiyaye shi ne gaya wa mara lafiya cewa raunin imani ne ya jawo masa. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai shekarar da ake kira Shekarar Baƙin Ciki, wadda Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Wa ya isa ya ce imaninsu ne ya yi rauni?

4. GANYE DA SAIWA

Ba na cikin masu raina maganin gargajiya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Amma gaskiya ɗaya ce: abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. A Turai akwai wani tsiro mai suna Hypericum wanda aka tabbatar yana taimakon baƙin ciki mara tsanani, amma yana karya ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da na cutar ƙanjamau da na tsinka jini. A Iran an yi ƙananan gwaje-gwaje a kan za'afaran, an ga alamar amfani. Tsiron da muke kira ƙarama anta, wanda Indiyawa suka daɗe suna sha don rage damuwa, shi ma an ga alamar amfaninsa a ƙananan gwaje-gwaje, amma an sami waɗanda ya taɓa musu hanta, kuma bai dace da mai ciki ba. Zoɓo yana ɗan rage hawan jini, zogale abinci ne mai gina jiki, amma babu shaidar cewa ɗayansu yana warkar da baƙin ciki. Ƙa'ida ita ce, kada ka sha haɗin da mai shi ya ƙi faɗa maka abin da ke ciki, kuma duk abin da kake sha ka gaya wa likita.

Akwai kuma maganin ƙarya, wanda ya fi cutar muni. Zaƙami tsiro ne na Allah, amma yana gusar da hankali, yana kisa. Wiwi ganye ne, amma yana ƙara fargaba, yana iya jefa matashi cikin taɓin hankali. Binciken da aka yi a duk ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya kimanin miliyan 14 da dubu 300 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Da yawa daga cikin matasan nan ba nishaɗi suka fita nema ba. Barci suke nema da mantuwa, ba su sami mai sauraronsu ba, suka sami mai sayar da tiramol.

5. INDA IYAKA TAKE

Duk abin da na lissafa yana aiki ne ga ciwo mai sauƙi ko matsakaici, kuma yana taimaka wa mai tsanani tare da maganin asibiti. Amma akwai alamun da in an gan su ba a jira. Idan mutum ya fara maganar kashe kansa, ko yana rarraba kayansa yana ban kwana. Idan ya daina ci da sha. Idan yana jin muryoyi ko ganin abin da babu. Idan ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu da ɓarnar kuɗi. Idan maijego ta ƙi jaririnta ko ta rikice. To, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da magungunan feshin gona da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Tambayar mutum a fili ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin. Sau da yawa ita ce ke buɗe ƙofar ceto. A fara da Babban Asibitin Yawuri, daga nan a tura shi Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kware in da bukata.

Ƙwayoyin baƙin ciki na asibiti sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin aikinsu, ana ci gaba da sha wata 6 ko fiye bayan an sami sauƙi, kuma ba a yanke su farat ɗaya. Babu laifi a haɗa addu'a da asibiti. Wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, aka buga a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi inda masu maganin gargajiya da ma'aikatan asibiti suka haɗa hannu. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne mari da duka da horon yunwa. Mun ga abin da aka tarar a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa mara lafiya mutuncinsa da haƙƙinsa.

6. AIKIN DA KE GABANMU

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, jama'ar ƙasar nan ce ta ɗauki nauyin karatunmu, kuma ba takardar shaida kaɗai take jira daga gare mu ba. Ina ba wannan ƙungiya shawara 4. Na ɗaya, kowane reshe nata a kowace makaranta ya san 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, in wani ya yi kwana 3 ba a gan shi a aji ko masallaci ba, a je ɗakinsa. Na biyu, waɗanda ke karatun likita da jinya da aikin jin daɗin jama'a su nemi haɗin kan hukumomin lafiya na Yawuri da Ngaski da Shanga, a koya wa ungozomomi da limamai da dattawan mata yadda ake sauraro da yadda ake gane alamun haɗari. Benci da inuwar darbejiya ba su fi ƙarfinmu ba. Na uku, mu riƙa bayyana wannan cuta a rediyo da majalisu cikin Hausa da harsunan Gungawa da Kambari da Shangawa, mu daina kiran kowane mai ciwon zuciya mahaukaci. Na huɗu, waɗanda suka dawo daga hannun 'yan bindiga, musamman 'yan mata, mu karɓe su ba tare da nuni da baki ko tambayoyin tonon asiri ba, mu tsaya su koma makaranta. Ba su yi laifin komai ba.

Daga ƙarshe, in akwai wanda ke zaune a wannan zaure yana jin kamar da shi nake, to, ya sani cewa ciwonsa yana da suna, yana da magani, kuma mafi yawan masu irinsa suna warkewa. Kada ya bar wurin nan sai ya gaya wa mutum ɗaya da ya amince da shi. Wanda aka gaya wa kuma ya riƙe amana, ya saurara, gobe da asuba ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Zumunta a ƙafa take.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a ruwa da tudu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasar Yawuri da Nijeriya baki ɗaya lafiya.